Muryata Ba Ta Kai Ni La'asar, Me Zan Sha?

Assalamu alaikum Anti. Ni malama ce, shekarata 34, ina da aure da 'ya'ya uku. Da safe ina koyarwa a firamare, aji uku, yaran sun haura 80. Bayan azahar kuma ina Islamiyya, ni ke biya wa yara hadda har ƙarfe shida. Tun ina budurwa Allah ya ba ni murya, shi ya sa duk walimar sauka ko ta aure a unguwarmu ni ake kira in rera ƙasida. Yau wata biyar ke nan muryata ba ta kai ni la'asar. Da safe garau take fita, kafin a tashi makaranta ta fara kaushi, da yamma kuwa sai dai in yi ta raɗa. Idan na zo wurin ɗaga murya a ƙasida sai ta yanke kamar an shaƙe ni. Wuyana da kafaɗuna ma ciwo suke yi, har ƙeya. Na sha zuma da citta da kanumfari da lemon tsami, alewar nan mai sanyi kuwa ba ta rabuwa da jakata. Surukata ta ce belu ne, a kira wanzami. Ƙawata ta ce baki ne, tunda ana yawan yaba muryata. Nan da mako uku akwai walimar ƙanwar mijina, an riga an sa sunana. Don Allah Anti, me zan sha muryata ta dawo?

Malama, daga Zariya

Wa alaikumus salam Malama. Sannu, Allah ya ba ki lafiya, ya kuma saka miki da alheri kan wannan ɗawainiya da yaran mutane.

Tambayar da kika rufe wasiƙarki da ita, amsarta ba za ta yi miki daɗi ba: babu abin da za ki sha. Ba rowar sani nake yi miki ba, haka Allah ya tsara maƙogwaro. Hanya biyu ce a cikinsa, ta iska a gaba, ta abinci a baya. Wurin da murya ke fita yana kan hanyar iska, kuma duk lokacin da kika haɗiyi abu, akwai ɗan murfi da ke rufe wannan hanya ruf. Ranar da ɗigon ruwa ya kuskure ya bi ta can kin san abin da ke faruwa, ƙwarewa ce da tari har da hawaye. Saboda haka zumar nan da cittar suna wucewa ne ta maƙwabta, suna yi wa maƙoshi daɗi, amma ba sa taɓa inda ciwon yake. Alewar sanyin kuma ta fi su wayo, don tana lulluɓe miki zafin ne ki ci gaba da ihu a kan abin da ke roƙonki hutu. Ki ci gaba da shan zumarki, abinci ce mai albarka. Ki dai daina jiran ta yi aikin da ba nata ba.

Kafin mu je ko'ina, maganar wanzami a ajiye ta. Belu yana can sama a ƙarshen ganɗa, kina iya hango shi a madubi in kika buɗe baki. Abin da ke ba ki murya yana ƙasa sosai, cikin wuya, daidai inda zakaran wuya yake fitowa a maza. Yanke na sama ba ya gyara na ƙasa, sai dai ya ƙara miki zubar jini, da kumburi, da haɗarin ɗaukar cuta daga ƙarfen da ba a san inda ya shiga jiya ba. Kada ki yi musu da surukarki, don kulawa ce ta sa ta faɗa. Ki ce mata, "Mama, bari likita ya fara dubawa tukuna." In da hali maigidan ne ya kamata ya faɗa mata, daga bakin ɗanta zai fi sauka.

Likitan kuwa kada ki jinkirta, ki gan shi cikin makon nan. Ƙa'idar likitocin kunne da hanci da maƙogwaro ita ce, dishewar da ta wuce mako uku zuwa huɗu ba ta tafi ba, dole a leƙa a gani da ido. Ke kina wata na biyar. Ga asibitin koyarwa na Shika a kusa da ke, ga kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, duk suna da irin waɗannan likitoci. Siririn bututu ne mai fitila ake zurawa ta hanci ko ta baki, 'yan mintuna an gama. Abin da aka fi samu a wurin malamai da mawaƙa shi ne ko dai tsokokin wuya sun ɗaure sun hana murya sakewa, ko kuma 'yan ƙulli biyu sun fito a tantanin murya, irin kantar da taɓarya ke fitar wa mai daka a tafin hannu. Irin wannan kanta sau da yawa takan yi laushi ta baje ba tare da tiyata ba, idan aka canza yadda ake aiki da muryar. Amma akwai wasu dalilan, kamar ƙwannafi mai hawowa har maƙoshi, ko matsalar maƙoƙo, kuma ido ne kaɗai zai bambance. Idan kuwa kina ganin jini a kaki, ko haɗiya tana yi miki wuya, ko numfashi yana sarƙewa, ko kin ji ƙulli a wuya, to ko makon ma kada ki jira.

Yanzu ga inda na fi so mu daɗe. A wasiƙarki akwai jimla ɗaya da kika jefa a tsakiya kamar ba ta da muhimmanci, cewa wuyanki da kafaɗunki suna ciwo har ƙeya. Ni a wurina ita ce kan maganar. Haɗa ta da cewa muryar garau take tashi da safe sai ta riƙa lalacewa yayin da rana ke yi, za ki ga tambayar ta sauya daga "me zan sha" zuwa "me nake yi da jikina lokacin da nake magana". Jiki magayi ne, ya daɗe yana gaya miki, ke kuma kina ba shi alewa.

Kin taɓa duba algaita da kyau? Duk ƙarar nan da ke cika ƙofar fada, daga wani ɗan tsinke take tasowa a bakinta, wanda bai kai ɗan yatsa ba. Iska ce ke kaɗa shi, jikin algaitar kuma ya buɗa sautin. Haka murya take. Tantanin murya guda biyu ne, a mace tsawon kowanne bai kai santimita 2 ba, kamar farcen ɗan yatsanki. Iska daga huhu ke bi ta tsakaninsu su riƙa haɗuwa suna rabuwa, a muryar mace kusan sau 200 cikin daƙiƙa ɗaya. Yi lissafin da kanki, ke malama ce: idan aka tara ainihin lokacin da sauti ke fita daga bakinki a yini ya kai awa ɗaya cur, sun gwabza da juna sau 720,000. Ke kuwa daga takwas na safe zuwa shida na yamma, na tabbata kin wuce haka. Kuma in kika ɗaga murya, ƙarfin gwabzawar ƙaruwa yake yi. Shi ya sa wannan cuta ta zama ta malamai a ko'ina. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2004 ya samu kusan kashi 58 cikin 100 na malaman makaranta sun taɓa fama da matsalar murya a rayuwarsu, sauran mutane kuwa kusan kashi 29. Su da ajinsu bai kai rabin naki ba.

Abin da ya haɗa wannan da wuyanki shi ne, akwatin da tantanin nan ke ciki ba a kafe yake ba, a rataye yake. Yana rataye ne da wani ɗan ƙashi mai lanƙwasa kamar takalmin ƙarfe na doki a ƙarƙashin haɓa, ƙashin da bai haɗa gaɓa da kowane ƙashi ba, tsokoki da jijiyoyi ne kawai ke riƙe da shi: wasu sun tafi harshe, wasu muƙamuƙi, wasu gindin kai, wasu sun gangara ƙirji, har akwai wadda ta kai allon kafaɗa. Kamar guga ce da igiyoyi da yawa. Kika ɗaga kafaɗa kin ja igiya ɗaya. Kika cije haƙora kin ja wata. Kika miƙa haɓa gaba kin ja su kusan duka. Tantanin da ake so ya kaɗa cikin sauƙi sai ya koma aiki a cikin matsi, ke kuma ki ji murya ba ta fita, ki ƙara matsawa.

Ajiye wayar nan ki gwada yanzu. Ki ja sautin "aaa" a muryarki ta yau da kullum, kada ki yanke, sannan a hankali ki tura haɓa gaba kamar kunkuru yana leƙe. Ki saurari yadda sautin ke siranta yana ƙanƙancewa. Ki mayar da kai inda yake, ki ji ya buɗe. Ki sake, wannan karon ki ɗaga haɓa sama kamar mai kallon jirgi. Babu abin da ya canza a maƙogwaronki cikin daƙiƙa goman nan, kai kawai kika motsa.

Wannan abu wani mutumin Ostareliya ya gano shi a jikinsa fiye da shekara 100 da suka wuce. Sunansa Frederick Matthias Alexander, an haife shi a tsibirin Tasmaniya a 1869, sana'arsa tsayawa gaban jama'a yana karanto wasan kwaikwayo da ka. Muryarsa ta riƙa dishewa a tsakiyar aiki. Likitoci su ce ya huta, ya huta ta dawo, ya hau dandamali ta sake tafiya. Sai ya ce wa kansa, tunda hutu na gyara ta aiki kuma na ɓata ta, to akwai abin da nake yi a wurin aikin. Ya jera madubai ya riƙa kallon kansa yana karatu. Ya ga da zarar ya buɗe baki sai ya ja kansa baya ya danne shi kan wuya, ya danna maƙogwaro ƙasa, ya zuƙi iska da ƙara ta baki. Abin da ya fi ba shi mamaki, ko da ya ji a jikinsa cewa ya gyara, madubi sai ya nuna masa yana nan yadda yake, domin abin da jiki ya saba da shi, shi yake ji daidai ne. Ya warke, ya koma Landan a 1904 yana koyar da abin da ya gano, har yau ana koyar da hanyarsa a makarantun kiɗa da wasan kwaikwayo na Turai da Amurka. Ba tallar hanyarsa nake yi miki ba, madubinsa nake so ki ara. Naki ma ya fi nasa, don yana cikin jakarki. Ki jingina waya a kan tebur, ko ki ba wata malama ta ɗauke ki ta gefe, minti biyar kina tsakiyar darasi, lokacin da kin manta ana ɗauka. Ki sake wani a Islamiyya. Ki kalla da dare ke kaɗai, ki kashe sautin.

Ban taɓa ganinki ba, amma bari in yi miki duba. Za ki ga mace ta tsaya a ƙafa ɗaya ta karkace ƙugu, gwiwoyi a ƙame. Kafaɗunta sun hau kusa da kunne. Duk lokacin da za ta kira yaron da ke bencin baya, wuya ne ke fara tafiya kafin murya, jijiyoyinsa sun fito raɗa-raɗa. Tana rubutu a allo hannu a sama, ta murɗo wuya tana bayani ta kan kafaɗa. Tana jan jimla har iska ta ƙare, ta matse sauran kalmomin da maƙoshi, sannan ta fizgi numfashi ƙirji ya ɗaga. Na san ta ne domin na taɓa zama ita. Shekarun da na yi ina koyarwa, ranar da na fara ganin kaina a hoton bidiyo na wani taron iyaye, sai da na tambayi wadda ke kusa da ni ko dama haka nake tsayawa kamar zakara zai yi cara. Ta ce ai kowa ya san ni da haka.

Gyaran ba shi ne ki ƙame kamar soja a fareti ba. Wannan kuskure ne da kusan kowa ke yi da zarar an ce "tsaya daidai": a turo ƙirji, a ja kafaɗa baya, a shanye ciki. Ɗaurewa ce ita ma, ta sauya kaya ne kawai. Misalin da nake so ki riƙe yana wucewa ta ƙofar gidanki kullum: mai tallar nono da ƙwarya uku a kanta. Dube ta da kyau. Ba ta miƙa haɓa gaba, in ta yi nono ya zube. Ba ta ɗaga ta sama. Bayan wuyanta dogo ne, kafaɗunta a sake, hannayenta suna lilo, gwiwarta tana lanƙwasa da taushi, har juyowa take yi ta amsa gaisuwa. Kuma ki lura da muryarta in ta kira masu saye, yadda take ratsa layi ba tare da jijiyar wuya ta tashi ba. Kan babban mutum ya kai kilo 5, wato ke ma da kayanki a ka ko ba ki ɗauki komai ba. In yana zaune daidai kan gadon baya, ƙashi ne ke ɗauke da shi. In ya zame gaba, tsokokin ƙeya da kafaɗa ne ke riƙo, yini guda. Ga ciwon ƙeyarki nan. A gida ki naɗa gammo ki ɗora ƙaramin kwano, ki yi tafiya a tsakar gida kina karanta Fatiha a bayyane. Yara za su yi dariya, ki bar su. Abin da kika ji a wuyanki a lokacin, shi za ki riƙa nema a aji, ba tare da kwanon ba.

Sai numfashi. A ƙarƙashin huhu akwai faffaɗar tsoka mai siffar ƙwarya a kife, ta raba ƙirji da ciki. In za ki shaƙi iska sai ta sauka ƙasa, ta tura kayan ciki, ciki ya ɗan fito, ƙananan haƙarƙari su buɗe ta gefe da ta baya. Kalli jariri yana barci ki ga yadda cikinsa ke tashi yana sauka, haka aka halicce mu. Mu mata mu ke hana kanmu, da ɗaurin zani tamau, da siket mai matse ƙugu, da shanye tumbi don kada a ce an ajiye teɓa bayan haihuwa uku. In ƙasa ta toshe, dole numfashi ya koma sama, kafaɗa da wuya su ɗauki aikin da ba nasu ba, kuma su ne dai tsokokin da ke kewaye da muryar. Ki sassauta ɗaurin zaninki ranar aiki, hijabi ya rufa asiri. Da dare ki kwanta rigingine a tabarma, ki tanƙwara gwiwoyi tafin ƙafa a ƙasa, ki sa naɗaɗɗen zani a ƙarƙashin kai, hannu ɗaya a cibiya ɗaya a gefen haƙarƙari. Kada ki ja iska da ƙarfi. Ki fitar da wadda ke ciki a hankali da sautin "sss", ki jira, za ki ji sabuwa ta shigo da kanta hannunki ya ɗaga. Minti goma. In barci ya ɗauke ki, ba laifi.

Wani abin da ya ba ni ƙwarin gwiwa game da ke shi ne kin riga kin iya wannan aikin, ba ki dai san kin iya ba. Wanda ya yi tajwidi ya san sauraron jikinsa fiye da yawancin mawaƙa. An koya miki mafitar haruffa 17, kin san bambancin harafin da ke fita daga can ƙasan maƙoshi da na tsakiyarsa da na samansa, kin san inda gefen harshe ke taɓawa. Kin san gunna, kin san yadda take kaɗawa a karan hanci. Kin san waƙafi, cewa ba a jan aya har numfashi ya ƙare a tsaya a inda bai dace ba. To wannan kunnen da kike sa wa harshe, ki faɗaɗa shi ya kai muƙamuƙi da kafaɗa da gwiwa. Kuma ki kai waƙafi cikin aji: gajerun jimloli, tsayawa, iska ta shigo, a ci gaba. Yara ma sun fi fahimtar malamar da ke tsayawa. Gunnar kuma ita ce ɗumin muryarki da safe. Kafin ki fita, baki a rufe, haƙora a rabe, ki ja "mmm" a hankali har ki ji leɓɓa da hanci suna kaɗawa, ki hau kaɗan ki sauka kaɗan, minti biyu ko uku. Daga nan ki buɗe ta zuwa magana, kina neman ki ji sautin a gaban fuska maimakon cikin wuya. Akwai kuma dabarar da masanin murya Ingo Titze na Amurka ya yaɗa: ki sa bututun roba na shan lemo a baki ki riƙa yin sauti ta cikinsa, ko ki tsoma bakinsa cikin rabin kofin ruwa ki yi ta fitar da kumfa da murya. Iskar da ke dawowa baya tana rage ƙarfin gwabzawar tantanin. Lokacin tara da kuma tsakanin makarantun biyu, minti biyu ya isa.

Zaman Islamiyya ina zargin ya fi tsayuwar firamare yi miki illa. An zauna a tabarma an tanƙwashe ƙafa, baya ya lanƙwashe, ciki ya matse, Alƙur'ani a cinya kai a sunkuye, sannan a ɗago haɓa kaɗai a biya wa yara da ƙarfi. Duk abin da na lissafa a sama ya taru a zama ɗaya. Ki samu 'yar kujera ko matashi mai tauri yadda ƙugunki zai fi gwiwa tudu, ki zauna a kan ƙasusuwan zama biyu, ki ɗora Alƙur'ani a abin ɗorawa mai tsayi don ido ya sauka ba wuya ba. Kuma wa ya ce sai ke za ki biya kowace aya sau goma? Tun a makarantun allo manyan ɗalibai ke biya wa ƙanana, malam yana gyara. Ki biya sau biyu da kyau, ki tsayar da yarinya mai kyakkyawan karatu ta ja sauran. Ita ta ƙaru, ke kin huta.

Hayaniya kuma, kada ki yi gasa da yara 80, ba za ki ci ba. Ɗabi'ar ɗan Adam ce in ƙara ta yi yawa ya ɗaga murya ba tare da ya sani ba, wani likitan Faransa mai suna Étienne Lombard ya bayyana haka tun 1911. Ki nemi abin da zai yi ihun a madadinki: tafi uku da yara za su amsa da tafi, ko ƙararrawa, ko buga tebur. In za ki yi wa na baya magana, ƙafarki ta je, ba wuyanki ba. In kina rubutu a allo ki yi shiru, ki gama ki juyo gaba ɗaya sannan ki yi bayani. 'Yar lasifikar nan da ake ratayawa a ƙugu, wadda masu tallar magani ke yawo da ita a tasha, ki cire kunya ki saya. Za a yi miki tsiya kwana biyu a ofishin malamai, a mako na uku za a fara zuwa aro.

Raɗan da kike yi da yamma ki bar shi, don raɗa da ƙarfi matse maƙogwaro yake yi. Ko ki yi magana a hankali da muryarki ta gaskiya, ko ki yi shiru. Haka yawan gyaran murya, kowane "ehem" mari ne ga tantanin, ki kurɓi ruwa ki haɗiye a maimakonsa. Ruwa shi ne abin sha ɗaya da zan ce yana aiki, shi ma ta cikin jini yake zagayowa bayan sa'o'i, don haka kurɓa-kurɓa tun safe, ba randa guda ana gab da waƙa ba. Abin da ke isa wurin kai tsaye shi ne abin da aka shaƙa, mai kyau da marar kyau: tururin ruwan zafi zalla yana taimakawa, musamman da hunturu, ƙurar alli da hayaƙin itace da turaren wuta a rufaffen ɗaki kuwa suna ƙara busar da shi. In kina da ƙwannafi, ki bar cin tuwo da yaji ki kwanta nan take, ki ba shi awa biyu zuwa uku.

Maganar baki, ki yi azkar ɗinki safe da yamma, ki yi addu'a, babu wanda zai hana ki. Ba ta hana ganin likita, ba ta kuma hana sauke kafaɗa.

Saura walima. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka yau ɗin nan ki gaya wa maigida cewa waƙar tana hannun likita, ya sanar da gidansu tun da sauran lokaci a nemi wadda za ta tsaya in ta kama. Idan likita ya ce a huta, to a huta, ko da za a yi fushi. Fushin dangin miji na mako biyu ne, tantanin da aka fasa da waƙa a kan kumburi kuwa yana iya kai mutum ɗakin tiyata. Idan ya ba ki izini, ƙasida ɗaya, gajeriya. Ki ɗauko ta daga ƙasa, ƙasa da inda kika saba, domin yankewar da kike ji a sama sau da yawa tun daga farko aka ɗauko da tsayi. Ki zo da ɗalibanki huɗu ko biyar su yi miki amshi, kin ga makaɗan gargajiya da ke kwana suna waƙa, a bakin 'yan amshi suke samun numfashi. Ki riƙe makirfo da hannunki ki kawo shi bakinki, kada ki bi shi da wuya, kuma ki roƙi mai na'ura ya juyo da lasifika ɗaya inda za ki ji kanki. In kin zo wurin hawa, ido zai so ya bi sautin sama, haɓa ta bi ido. Ki zaɓi fuskar wata a sahun gaba ki tsaya a kanta, ki saki gwiwa, ki bar muƙamuƙi ya sauka. Ana gamawa ki nemi gefe ki zauna, kada ki shiga hirar mata a cikin ƙarar kiɗa, don sau da yawa a nan ake ƙarasa muryar ba a wurin waƙar ba.

Ki rubuto mini bayan kin dawo daga asibiti, ki gaya mini abin da likita ya gani, da kuma abin da ke kika gani a bidiyon.